Baba Jiniya da Farin Fenti

Ranar da Baba Jiniya ya gasa jirgin sama, shagon matarsa cike yake da mata, shi ya sa har yau maganar ta ƙi mutuwa a layinmu.

Jirgin na roba ne, bai wuce tafin hannu da rabi ba, irin wanda ake sayowa a kwali gutsi-gutsi, mutum ya zauna ya harhaɗa da gam. Baba ya gama haɗa shi, ya shafe shi da koren fenti da safe, yana so ya kai wa 'yan ƙungiyarsu ta masu wannan haɗe-haɗe da yamma su yaba. Fenti kuwa ya ce bai san zancen ba. Baba ya hura da baki, ya yi fifita da murfin kwali, ya kai shi gaban fanka. Da ya taɓa da ɗan yatsa, fenti ya biyo shi. Sai idonsa ya faɗa kan shagon gyaran gashi na matarsa, wanda ke manne da ƙofar gidansu, ya tuna da injin nan mai kama da ƙaton kwano da ake kifa wa mata a ka don gashi ya bushe.

Ya faki idon Anti Mai Shago tana wanke wa wata kai, ya kifa bokiti a kan kujera, ya ɗora jirgi, ya sauko da inji, ya murɗa shi har ƙarshe. Sannan ya tsaya ya ba abin baya, ya baje riga, yana ta gaishe da mata kamar mai neman ƙuri'a.

"Anti, wani abu yana ƙauri fa," in ji wata.

Anti ta ture mijinta gefe ta ɗaga inji. Ga jirgi nan fukafukai sun langaɓe kamar kazar da ruwa ya ba kashi, hanci ya lanƙwashe yana kallon ƙasa, farfela ta naɗe kamar busasshen ganye. Wata tsohuwa da aka cika wa kai da kumfa ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Malam, wannan tsuntsun a ina ka harbo shi?"

"Ai da ka faɗa mini," in ji Anti, "da na sa masa rolar naɗe gashi, ko ba komai ya fito da kyau."

Dariyar da aka yi har mai gyaran taya na bakin titi sai da ya leƙo. Baba ya sunkuci gawar jirginsa ya yi waje, ko waiwaye babu.

To, wanda bai san Baba Jiniya ba zai ce tsautsayi ne. Mu maƙwabta mun san hali ne. An ce ko haihuwarsa bai jira wata tara ba, bakwaini ne, ungozoma tana hanya ya riga ya iso. Shayi bai taɓa hucewa a gabansa ba, harshensa ya daɗe da haƙura. In an ce masa taro da yamma, shi ne zai taya masu wurin jera kujeru. Da ya girma Allah ya haɗa shi da aikin da ya dace da shi, ya zama direban motar asibiti. Shekara da shekaru yana keta gari da kukan jiniya, har sunan ya bi shi gida ya kori na yanka. A wannan aikin saurinsa ya yi rana, kuma akwai mutane da yawa da ke yawo da ƙafarsu yau saboda Baba bai iya jira ba. Wannan kam ko mu masu tsokanarsa ba ma musu.

Matsalar ta fara ne da ya ajiye aiki. Mutumin da ya saba da gudu aka ce ya zauna a gida. Ya kwance famfon da ba ya yoyo ya ɗaura, ya fara yoyo. Ya koya wa Anti yadda za ta riƙa gama kan mace uku a lokacin ɗaya, ta nuna masa ƙofa da mataji. Ƙarshe ya ɗauki agogon hannunsa ya kai wa Mai Agogo na kan kwana, wai yana latti.

Mai Agogo dattijo ne siriri, mai magana kamar ana auna masa ita da cokali. Ya buɗe agogo, ya duba, ya rufe. "Lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Kai ne kake gaba da shi. Hau sama ranar Asabar, akwai abin da zan nuna maka."

A saman shagon akwai wani ɗaki mai dogon tebur da fitilu masu lanƙwasa wuya. Nan 'yan ƙungiya ke haɗuwa, manya da su, masu jikoki, kowa ya sunkuya kan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sassan jirgi ko mota suna zuwa ne maƙale jikin ɗan firam, sai a yanko da ɗan almakashi, a goge bakin da samfefa, a ɗauka da matsefata, a ɗiga gam da tsinin allura. Akwai Likitar Haƙori, wadda ke zuwa da tsofaffin ƙarafan aikinta tana sassaƙar roba da su. Akwai Ɗan Tasi, sa'an Baba, wanda bakinsa ba ya hutawa amma hannunsa ko rawa ba ya yi. Akwai wasu da ke zuwa yau su ɓace gobe. In wani ɗan sashe ya yi tsalle daga matsefata, sai a ce "Tsaya!" kowa ya ɗage ƙafa, sannan a durƙusa gaba ɗaya ana lalube a ƙasa, har da Likita da farar rigarta.

Baba ya shiga da niyyar yi musu dariya, ya fito da kwali a hammata. Abin ya kama shi kamu na gaske. Haɗawa kam babu mai kamo shi, abin da wani zai yi wata yana yi, shi kafin Asabar ta zagayo ya tsaya da ƙafarsa. Amma wannan sana'a rabinta jira ne. Gam yana son a bar shi ya kama, fenti yana son a bar shi ya bushe, Baba kuwa yatsansa ba ya shawara da shi. Duk abin da ya haɗa, in ka juya shi a haske, sai ka ga shatin babban yatsansa kwance a jikin fenti. Jirgin ruwa, tankar yaƙi, motar tsere, duk da hatiminsa.

"Kai dai kar ka taɓa yin sata," Ɗan Tasi yakan ce. "'Yan sanda ko shayi ba za su ajiye ba, nan za su zo su ɗauki jirgi ɗaya su gama bincike."

Ana nan, bayan gashin jirgi da ɗan lokaci, sai Likita ta zo da magana. Sashen yara na babban asibiti yana da wani fili a falo inda yaran da suka fara warwarewa ke zama suna kallon bango. Ta ce me zai hana ƙungiya ta haɗa musu ɗan gari a kan falanki, da titi da shaguna da motoci da ɗan asibiti a ƙarshen titin, a rufe da gilashi a ba su kyauta. Kowa ya yi na'am. Aka raba aiki: Mai Agogo gidaje, Likita mutane da bishiyoyi, Ɗan Tasi da sauran 'yan ƙungiya motoci. Sannan ta zaro wani kwali daga jaka, wanda ƙaninta ya aiko mata daga nesa, ta ce shi ke nan guda ɗaya, babu na biyu. A jikin kwalin hoton motar asibiti ne, fara tas.

Baba bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba.

A wannan asibitin ya yi aikinsa. Yaran da ya sauke a ƙofar sashen nan ba su ƙirguwa. Amma shi aikinsa a ƙofa yake ƙarewa: a buɗe baya, a turo gado, a shige, shi kuma a kira shi wani wuri. Bai taɓa zama ya ga yadda suke in sun tashi suna wasa ba. Bai faɗi wannan a ɗakin ba, mu ma daga bakin Anti muka ji. Abin da ya ce kawai shi ne, "Tawa ce."

"Fara ce fa, Baba," in ji Likita a hankali. "Farin fenti mai sheƙi ba ya ɓoye komai. Kuma sai an shafa kaɗan-kaɗan, a bari ya bushe, a sake."

"Na ji."

"A ba ni ita," in ji Ɗan Tasi. "Wannan in ya gama da ita, yara za su ɗauka motar ce ba ta da lafiya."

Mai Agogo ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya yanke hukunci. Mota ta Baba ce. Amma in aka ga shatin yatsa ko ɗaya a jikinta, za a miƙa wa Ɗan Tasi ya kankare fentin ya mayar da ita motar burodi, ɗan garin ya tafi asibiti ba motar asibiti. Ɗan Tasi bai ɓata lokaci ba, ya zaro kwalbar fenti ruwan ɗorawa ya ajiye a gaban Baba, ya ce, "Ka riƙa gaisawa da ita, kun kusa zama 'yan'uwa."

Haɗawa ba ta ba Baba wuya ba. Har ɗan gadon ciki ya sa, da tulun iska, da madubin gefe da ya karkata shi daidai yadda nasa yake a da. Da aka zo fenti, Mai Agogo ya share wani tsohon akwatin gilashi mai makulli da ke jikin tagar shagonsa. Aka yi yarjejeniya: Baba zai shafa, ya ajiye burushi, ya ɗaga hannu sama kamar wanda aka kama, Mai Agogo ya ɗauki mota ya kulle, ba za a buɗe ba sai Asabar.

Wayyo, unguwa ta ga abin kallo. Baba zai ce wa Anti zai je sayo sabulu, sai a gan shi a tagar Mai Agogo ya manna hanci da gilashi. Zai je aski, hanya ta bi ta tagar. Zai je gaida mara lafiya a can wani gefen gari, nan ma hanya ta bi ta tagar. Masu wucewa suka fara tsayawa a bayansa su ga me ake rabawa. Mai Agogo ya ce bai taɓa goge gilashi kamar na wannan lokacin ba, kullum da tambarin hanci.

Shafin fenti na farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka. Ɗan Tasi ya fara shiru-shiru, sai dai ya girgiza kwalbarsa in sun haɗa ido. Ranar da aka yi shafi na ƙarshe, mota ta fito tana ɗaukar ido kamar haƙorin talla. Aka kulle. Washegari da hantsi Baba ya zo gaisuwar da ya saba, ya manna hanci. A kan rufin motar, daidai tsakiya, ga silin gashi ɗaya kwance, ya lanƙwasa kamar yana murmushi, rabinsa ya nutse cikin fenti.

Ya faɗa shago kamar an jefo shi. "Yaya, buɗe! Gashi! Yanzu zan cire shi, ɗan taɓawa kaɗan, ko alama ba za a gani ba!"

Mai Agogo ya leƙa ya gani. "In ka ja shi yanzu, zai taho da fenti ya bar maka kwari. Za ka ce bari ka lallaɓa kwarin, ka san da me za ka lallaɓa. In ka bari ya bushe ƙamas, samfefa mai laushi za ta ɗauke shi, ka sake shafa rufin kawai."

"Sannan in sake jira?"

"Sannan ka sake jira."

"Lokacin kai garin ya matso fa!"

"Za ka gama a ƙurarren lokaci, in ka bari." Dattijon ya laluba aljihu, ya ajiye makulli a kan kanta. "Na gaji da gadi, ina da agogunan mutane. Motarka ce." Ya maƙala gilashin aikinsa a ido ya sunkuya, kamar ba kowa a shagon.

Baba ya ɗauki makulli. Wata mai shara da ke bakin ƙofa ta rantse cewa sai da ya zura shi a kafar akwatin, babban yatsan nan yana ta motsi shi kaɗai kamar wutsiyar ƙadangare. Ya dubi gashi, gashi ya dube shi. Sai ya zare makulli, ya fita da gudun da rabon da a ga ya yi irinsa tun yana aiki, bai tsaya ba sai shagon matarsa.

"Uwar yara, riƙe wannan. Ko kuka na yi kar ki ba ni sai Asabar."

Anti ta dubi makulli, ta dubi mijinta, ta ji bayani. "Gashin wane ne?"

"Ina zan sani? Daga shagon nan na kwaso shi a riga, ina zato."

"Wane launi?"

"Fari."

"To nan ba ma barin furfura ta fita da ranta. Gemunka ne, Malam." Ta zura makulli a zare ta rataya a wuya. "Tun da na aure ka nake jiran ranar da za ka ce in sa ka jira. Allah ya kawo mu."

Ko shayin rana ba a sha ba ya dawo. Wai ya yi tunani, dubawa kawai zai yi. Anti ta ce a tambayi mata. Aka ɗaga hannu, har wadda ke ƙarƙashin inji ba ta jin abin da ake faɗa ta ɗaga, duk suka ce a'a. Ya dawo da yamma da lemo mai sanyi, ta shanye ta yi godiya. Ya gwada fushi, ta ba shi tsintsiya ya share gashi ya huce. Ya gwada zaƙin baki irin na zamanin samartaka, mata suka yi ta shewa, Anti ta ce, "Ci gaba, ina ji, amma makulli yana nan." Kafin mako ya ƙare matan layin sun saba, in sun shigo kafin su zauna sai su ce, "Anti, yau sau nawa ya zo?"

Asabar ta zo da ƙyar, kamar ana janta da igiya. Anti da kanta ta rako shi, ta buɗe akwati a gaban kowa. Baba ya ƙwanƙwasa rufin da farce, ya ji ƙamas. Ya jiƙa samfefa mai laushi, ya shiga gogawa a hankali, a hankali, har Likita ta ce ko ita ba ta lallaɓa haƙori haka. Gashi ya tafi. Ya shafa rufin, ya ɗaga hannu sama ba wanda ya ce masa. Wannan karon ko tambayar makulli bai yi ba, sai dai Anti ta ce ya rame.

Da ta bushe, ya jiƙa 'yan sitika a ruwa ya zame su a jiki, jan layi ya zagaye mota, ya ɗora shuɗiyar fitila a ka. Mai Agogo ya kunna fitila mafi haske, ya juya mota gaba, ya juya baya, ya kifa ta, ya miƙa wa Ɗan Tasi. Ɗan Tasi ya ari gilashin ido, ya bi ta lungu-lungu kamar mai neman ƙuma, har da shinshinawa. Ƙarshe ya ajiye ta, ya mayar da kwalbarsa aljihu, ya ce, "Dama burodin nan ba ya ciniki."

Aka yi tafi, Likita har da share ido. Sai Mai Agogo ya tuna musu da dokar ƙungiya ta aikin taro: wanda ya gama a ƙarshe, shi ke manna kayan kowa a kan falanki, aikin da kowa ke gudu don gajiya. Baba ya ce, "Wa ya zo ƙarshe?" Duk suka nuna shi. Mutumin da tun daga ciki bai taɓa zuwa ƙarshe ba, ya tsaya yana washe baki kamar an ba shi sarauta.

Ranar da za a ɗauki garin, 'yan ƙungiya suka hau sama da hantsi, suka tarar Baba ya riga su, yana zaune ya harɗe hannu, gam ya daɗe da kamawa. Gidaje a wurinsu, bishiyoyi a wurinsu, mutanen Likita suna tsaye bakin shaguna. Amma titin, daga wannan ƙarshe zuwa ƙofar ɗan asibiti, fayau yake. Babbar bas ta raɓe a hagu. Motar kaya ta cusa hanci a lungu. Mai keke ya sauka yana riƙe da kekensa. A tsakiya, ita kaɗai, farar motar Baba ce ta miƙe hanya.

Likita ta fara dariya har ta dafa bango. Ɗan Tasi kuwa yana ta neman tasa, sai ya hango ta can gefe, taya biyu a kan dakali, saura ƙiris ta rungumi sandar fitila.

"Kai Jiniya! Wa ya hau mini da mota kan dakali? Ni da na yi wata ina goge ta?"

"Direbanta ne, yana da tarbiyya."

"Tarbiyyar me? Motar taka da aka manne da gam, ko taku ɗaya ba za ta yi ba har abada, ita za a kauce wa?"

Baba ya kalle shi sama da ƙasa, ya gyara zama.

"A tsaye take ma ka hau dakali. Da tana tafiya ai a kwata za mu ciro ka."